Da Babbar Riga Na Je Kallon Tsofaffin Rolling Stones

Tun da na haura shekara hamsin na rungumi dattako hannu bibbiyu. Na daina gudu ko da hadari ne ya biyo ni. Abu in ya faɗi ƙasa ba na sunkuyawa, yaro nake kira. In zan tashi daga kujera sai na dafa gwiwa, na yi nishi, na ce wash Allah, ko da ranar gwiwar lafiyarta ƙalau. Haƙƙina ne. Na daɗe ina kallon manya suna morar wannan gata, yanzu layi ya zo kaina. Da wannan fahimta ta tsufa na sauka Landan a watan Yunin 2022, na je ziyara wurin ɗan ƙanwata da ke aiki a can.

Yaron kirki ne, ba shi da abin kushewa sai ɗabi'a guda: rabin magana yake faɗa maka, ya bar ka ka tarar da sauran a gaba.

"Kawu, ranar Asabar akwai wasan wasu dattawan mawaƙa. Maƙwabcina ya sayi tikiti uku, sai aka yi wa matarsa aikin ƙugu, 'yarsa kuma za ta zauna jinya. Ya ce in zo da kai."

Na ce dattawa 'yan shekara nawa?

"Biyu suna da 78, ƙaraminsu 75. Bana suke cika shekara 60 da fara waƙa."

Nan take na gama tsara wurin a kaina. Rumfa, kujeru a jere, dattawa zaune a kan darduma suna kaɗa abinsu cikin natsuwa, irin yadda muka san marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, a yi waƙa a yi hikima, a sha shayi a watse. Wanda ya yi shekara 60 yana sana'a ya cancanci a je masa da mutunci. Saboda haka na fito da farar shaddata da ban taɓa sawa ba, babbar riga da 'yar ciki da wando, na karya hula, na zura sabon takalmi sau-ciki. Na kuma sa yaron ya canzo mini kuɗi, takardun fam biyar-biyar, domin ba a zuwa gaban mawaƙi hannu rabbana, a tashi ba a yi masa liƙi ba. Da na fito daga ɗaki ya dube ni daga sama har ƙasa, ya buɗe baki, ya rufe. Sai ya ce, "Kawu, ka yi kyau."

Maƙwabcin Bature ne da ya ba saba'in baya, ya yi ritaya, kansa fari fat. Sanye yake da baƙar tishat mai hoton wani jan baki da ya zaro harshe har ƙirji. Na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi, ya sa rigar jikansa bai lura ba, sai na kau da kai don kada in kunyata shi. Ranar 25 ga Yuni ce, ma'aikatan jirgin ƙasa na Birtaniya suna yajin aiki, don haka bas muka hau, muka ƙarasa da ƙafa. Tun daga nesa na fara ganin harshen nan. A ƙirjin tsofaffi, a bayan 'yan mata, a hular jarirai, a jakar wata tsohuwa da ake turawa a keken guragu. Ashe tambarin ƙungiyar ne, wani ɗalibin zane ya zana musu shi tun 1970, kuma sunan ƙungiyar Rolling Stones.

A hanya tsohon bai rufe baki ba. Ya ce yana nan a wannan fili na Hyde Park ranar 5 ga Yulin 1969, lokacin da suka yi wasa kyauta ga ɗaruruwan dubban mutane, kwana biyu bayan rasuwar Brian Jones, wanda ya kafa ƙungiyar. An saki fararen malam-buɗe-littafi don tunawa da mamacin, amma da yawansu tun a cikin kwali zafi ya kashe su. Yana faɗa idonsa na kawo ruwa. Na ce masa Allah ya ba da haƙuri, duk da ban tantance ba ko mutumin yake wa kuka ko ƙwarin.

A bakin ƙofa mai bincike ya tsaya yana nazarin babbar rigata, ya rasa ta inda zai fara. Da ya gano aljihun gaba sai ya yi ta zaro kaya: carbi, asuwaki, kwalbar turare, man zafi, damin kuɗin liƙi, da goro. Goron ne ya tsayar da mu. Ya juya shi, ya shinshina, ya kira abokin aikinsa. Sai da na ɓantara na tauna a gabansu, na miƙa masa ya ɗanɗana. Ya ɗan gutsura. Fuskar da ya yi ta isa ladan tafiyar, ya ce mu wuce.

Muka shiga, na waiga hagu na waiga dama ina neman rumfar manyan baƙi.

"Ina kujerun?"

"Kawu, ai tsayuwa ake yi."

"Har yaushe?"

"Har a tashi."

Fili ne fetal mai ɗaukar mutum 65,000, kuma a inda tikitinmu ya ajiye mu ko benci babu. Rana kuwa a Landan a ƙarshen Yuni ba ta san hanyar gida ba, sai bayan ƙarfe tara take faɗuwa. Can nesa, a kan wani dandamali mai tsayin gidan sama, wasu matasa suna ta kaɗa jita. Na tsaya na saurare su da ladabi, na tafa musu da suka gama, na gyara rigata na ce to alhamdulillahi, sai dai ban ga dattawan da aka ce ba, mu kama hanya. Yaron ya ce waɗannan masu share fage ne. Akwai wasu masu share fagen ma a bayansu.

Abin da ya rage mini zafin tsayuwa shi ne mutane sun ɗauke ni wani basarake. Aka yi ta zuwa ana neman ɗaukar hoto da ni. Wata tsohuwa har da ɗan rusunawa. Ni kuma ban ga dalilin ƙaryata mutanen da suka zo da kyakkyawar niyya ba, na riƙa ɗaga musu hannu a hankali ina gyaɗa kai.

Bayan ƙarfe takwas sai manyan allunan da ke gefen dandamali suka kawo hoton wani dattijo mai furfura da tsabta yana kaɗa ganga. Charlie Watts ke nan, makaɗinsu tun 1963, wanda ya rasu a watan Agustan 2021 yana da shekara 80. Maƙwabcin ya cire hularsa. Na ce a raina madalla, yanzu aka zo wurin, ga kamala ga girmama mamaci. Na harɗe hannuwa a baya, na sunkuyar da kai.

A haka jitar farko ta same ni.

Ba ta kunne ƙarar ta shiga ba, ta ƙirji ta shiga, ta girgiza haƙarƙarina ta fita ta baya. Na ji goron da na ci yana sauya wurin zama a cikina. Mutum 65,000 suka kurma ihu a lokaci guda, tsohon da ke gefena, wanda ɗazu da ƙyar ya hau matakalar bas, ya daka tsalle ƙafafunsa biyu suka bar ƙasa. Kafin in gama salati sai ga wani siririn mutum ya fito da gudu. Da gudu fa, ba sassarfa ba. Ya nufi wannan ƙarshen dandamali, ya juya ya nufi wancan, ya biyo wata doguwar gada da aka shimfiɗo cikin taro, yana karkaɗa kafaɗa, yana murguɗa ƙugu, yana nuna mutane da yatsa, kuma duk a cikin haka waƙa yake yi, numfashinsa bai sarƙe ba.

Na jawo yaron na yi masa tsawa a kunne: "Wannan jikan wanne ne a cikinsu?"

"Kawu, shi ne Mick Jagger. Shi ne mai 78 ɗin."

Na ce ƙarya ne. Sai allon ya kawo fuskarsa kusa, na ga tamoji layi-layi, kowace shekara da gurbinta. Daga wuya zuwa sama ɗan 1943 ne babu gardama. Daga wuya zuwa ƙasa kuwa ban san wanda ya ara wa jikin ba. Maƙwabcin ya matso yana ƙara mini ciwon kai da bayani: a 2019 an yi wa mutumin nan aikin zuciya, an sauya masa bawul. Ko mako biyu ba a yi ba da korona ta kama shi har aka ɗage wasansu na Amsterdam. Ya ga tattaɓa-kunne tun 2014, sannan aka haifa masa ɗan auta a 2016, wato tattaɓa-kunnen ta girmi ɗan cikinsa. Wannan na ƙarshen ne kaɗai bai ba ni mamaki ba, don muna da irinsu a unguwa.

Wanda ya kwanta mini a rai shi ne Keith Richards, ɗayan mai 78 ɗin. Shi ba ya gudu. Ya ɗaure kai da ƙyalle, ya rataya jita har kusan gwiwa, yana takawa a hankali yana murmushin wanda aka daɗe ana jiran mutuwarsa shi kuma yana ta zuwa jana'izar masu jiran. Na ce ga nawa, wannan ya san girman kansa. Sai aka gaya mini a 2006 ya faɗo daga kan bishiya a tsibirin Fiji, har aka yi masa aiki a ka a New Zealand. Yana da shekara 62 lokacin. Abin da ya kai ɗan shekara 62 kan bishiya, shi da Mahaliccinsa suka sani. Shi da Jagger makarantar firamare ɗaya suka yi, suka rabu, suka sake haɗuwa a tashar jirgin ƙasa ta Dartford a 1961, kuma tun daga ranar suke faɗa suna shiryawa. Na ukunsu, Ronnie Wood, a 1975 ya shigo, amma maƙwabcin nan har yanzu sabon yaro yake ce masa.

Kada in zalunce su, kiɗan yana da daɗi. Ban fahimci ko kalma ɗaya ba, amma ganga ba ta buƙatar tafinta. Asalin abin ma na baƙaƙen fatar Amurka ne, kiɗan bulus da yaran Landan suka ji a faifai suka haukace a kai, har sunan ƙungiyar daga waƙar Muddy Waters suka ɗauko shi. Ina tsaye ina wannan tunani na masana sai na lura ƙafata ta dama tana buga ƙasa ba da izinina ba. Na tsawata mata. Ta hagu ta karɓa.

Ganin an burge ni, na ce lokacin liƙi ya yi. Na zaro damina na fara kutsawa gaba, ina cewa a gafarce ni, a ba ni hanya. Tsakanina da dandamalin akwai tafiyar da sai an yi guzuri, mawaƙin kansa bai fi tsayin ɗan yatsa ba a idona, amma niyya ta riga ta ƙullu. Yaron ya riƙo hannun rigata.

"Kawu, nan ba a liƙi. Tun a kuɗin tikiti aka gama liƙa musu."

Ina cikin yi masa bayanin cewa tikiti daban, karamci daban, sai wani ƙato a bayana ya ji an taɓo waƙar da yake so. Ya ɗaga hannuwa sama yana tsalle, ya manta akwai kofi cike da giya a ɗaya daga cikinsu. Ba ɗigo ba, ba yayyafi ba. Duka ta sauka a kafaɗata, ta bi aikin wuyan rigar, ta ratsa shadda ta ratsa 'yar ciki ta isa fata, da sanyinta da warinta. Mutumin ya ba ni haƙuri ya fi a ƙirga, har ya ce zai sayo mini wata giyar in huce. Bature ya iya ba da haƙuri bayan ya gama ɓarna.

Matsalar ba ta shadda kaɗai ba ce. Rana ta yi ja, magariba ta kawo kai, ga ni na yi wanka da abin da ko ƙofar masallaci ba a kai shi. Wando ne kawai ya tsira. Na tura yaron ya nemo mini kowace irin riga, in dai mai tsarki ce. Ya daɗe, sannan ya dawo yana kallon ƙasa.

"Kawu, irin ta kaɗai suke sayarwa."

Baƙar tishat ce, da jan baki, da harshe har cibiya. Da na tambayi kuɗinta, na buga lissafi da naira, sai da na dafa kafaɗarsa. Damin liƙin nan kusan duka ya tafi. Ta wannan hanyar dai kuɗin ya isa ga masu shi.

Muka koma can baya jikin shinge. Na tuɓe babbar riga da 'yar ciki aka cusa a leda, na wanke jikina da ruwan gora, na yi alwala. Na tsaya ina duban harshen nan, shi ma yana dubana. Ban taɓa jin malamin da ya yi bayanin hukuncin fuskantar alƙibla da irin wannan a ƙirji ba, don haka na yi ijtihadi na juya rigar bai-bai. Yaron ya nemo alƙibla a waya, na shimfiɗa jarida na ta da salla, ganga na dukan ƙasa a ƙarƙashin goshina. Allah ya karɓa. Da na idar na bar rigar a juye, na ce asiri ya rufu. Ina! Duk taku biyar sai wani mai tausayi ya taɓa ni, ya raɗa mini cewa na sa rigata a juye, da irin kallon da ake yi wa tsohon da ya fara rikicewa. Da abin ya ishe ni sai na mayar da ita daidai, harshe ya fito duniya ta gani.

Akwai wurin da Jagger yake shiga ciki ya huta, Keith ya rera waƙa biyu da wata murya mai kaushi da ba don waƙa aka halicce ta ba. Na ce in mai gudu ya huta, mai kallo ma ya huta, na zauna a kan ciyawa na miƙe ƙafafu. Zaman ya yi daɗi. Tashin ne ya gagara. Wannan karon gwiwar da gaske take, na dafa, na yi nishi, babu abin da ya motsa. Yaron ya tafi neman ruwa, maƙwabcin ya ɓace cikin masu tsalle. Ina nan ina jujjuyawa sai na ga hannu ya miƙo daga sama. Wata tsohuwa ce da ba za ta gaza tamanin ba, sanda a hannu guda, ni a ɗayan. Ta finciko ni tsaye, ta kakkaɓe mini ciyawa a baya, ta ce in riƙa motsa jiki, yaro. Yaro ta ce.

Da suka yi sallama suka shige na gode wa Allah. Amma taron ya ƙi motsi, aka yi ta ihu har suka dawo. Fitilu suka koma ja, wata ganga mai daɗi ta fara tashi a hankali, jama'a suka ɗauki wani amshi mai sauƙi, ba kalma a cikinsa, irin wanda ko jariri zai iya. Karon farko ke nan da aka yi abin da na iya. Na ɗauka. Na ɗaga murya. Na ɗaga hannu. Hulata ta karkace ban gyara ba. Tsohuwar nan ta saƙalo hannunta a nawa muna lilo hagu da dama, ga yaron can yana ɗaukar mu a waya yana dariya har da hawaye. Rabona da jin nishaɗi irin wannan tun ina saurayi. Da aka gama ina haki na tambaye shi me waƙar take cewa.

"Kawu, sunanta Sympathy for the Devil, ta 1968 ce. Mawaƙin yana magana ne da bakin Iblis, yana ba da labarin ɓarnar da ya yi a duniya."

"Mu kuma da muke amsawa fa?"

"Ku ne 'yan amshinsa."

A'uzu billahi minash shaiɗanir rajim. Na tofa hagu na tofa dama. Waƙar ƙarshe, Satisfaction ta 1965, wadda aka ce ita ta ɗaukaka su a duniya, da istigfari na saurare ta, hannuwana a aljihu don kada su sake yin gaban kansu.

Kafin goma da rabi an kashe komai, domin dokar filin ke nan saboda masu gidajen da ke kewaye. Ba a ɗaga wa kowa ƙafa: a 2012 manyan mawaƙa Bruce Springsteen da Paul McCartney suna tsakiyar sallama da jama'a a nan aka kashe musu lasifika. Shi McCartney ɗin, wanda ya zo Legas a 1973 ya naɗi faifai, a wannan daren da nake ba ku labari yana can bikin Glastonbury yana wasan kusan awa uku, mako guda bayan ya cika 80. Ban san abin da ake ba tsofaffin ƙasar nan suna ci ba.

Sabon takalmi ya gama da dugadugaina, na cire shi na riƙe. Bakin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ya cushe, sai yaron ya ce mu taka zuwa titin Edgware mu ci shawarma a wurin Larabawa kafin mutane su ragu. Abin da bai faɗa ba, kamar kullum, shi ne duk Bahaushen da ya zo hutu Landan a titin nan yake cin abincin dare. Ina tafe da safa, hula a karkace, takalmi a hannun dama, ledar da ke warin giya a hagu, harshe a ƙirji, sai na yi kiciɓis da wani Alhaji da muke sahu ɗaya a masallacin unguwarmu, shi da iyalinsa.

Ya dube ni. Ya dubi harshen. Ya shaƙi iska.

Bakinsa ya motsa, amma kunnuwana ƙara kawai suke yi. Na ɗauka gaisuwa ce, na amsa da ƙarfin da ya sa masu shan shisha suka waiwayo: "Lafiya lau! Alhamdulillahi! An sha sosai!" Wahala nake nufi. Daga baya yaron ya gaya mini tambayar da Alhajin ya yi ita ce, "Alhaji, me nake ji haka, ba dai sha ka fara ba?"

Da asuba wayar uwargida ta tashe ni.

"Alhaji, wane ne wannan a bidiyo yake rawa da tsohuwar Baturiya?"

Yaron ya rantse mahaifiyarsa kaɗai ya tura wa. Ita ma ta rantse mutum ɗaya ta tura wa. Na yi bayanin giya, na yi bayanin riga, na yi bayanin tsohuwa, uwargida tana saurare ba ta katse ni ba. Da na gama sai ta ce ita duk wannan bai dame ta ba, ta dai yi murna da ta ga gwiwa ta warke, don akwai buhunan da ke jiran a hau da su sama. Shaddar kuwa mai wanki ya yi iya yinsa, amma har yau akwai taswira a kafaɗar.

Su tsofaffin ba su tsaya ba. Sun fitar da sabon faifai a 2023, suka zagaya Amurka a 2024 Jagger yana da shekara 80, kuma ƙungiyar 'yan fansho ta ƙasar ce ta ɗauki nauyin zagayen. Saboda haka ɗan'uwa, in ka je Turai wani yaro ya ce zai kai ka kallon dattawa masu jita, tambaye shi ko akwai kujera. Ka sa tsohon takalmi, ka bar shadda a akwati, ka tambayi ma'anar waƙa kafin ka amsa, kuma ka karɓe wayarsa tun a bakin ƙofa.